Sha Ɗaya da Uku

A bayan ɗakinmu a Agege, gefen layin dogo,
inda bango ke rawa in jirgi ya wuce,
na kafa keji biyu da guntayen katako
da ragar da na tsinto a bola.
Toka a hagu, Ɗorawa a dama.

Dare ɗaya suka haihu, daren ruwan da ya cika kwata
har silifas ɗin Cindo ya tafi teku shi kaɗai.
Da asuba na haska fitilar waya:
Ɗorawa, uku.
Toka, na ƙirga, na sake ƙirgawa,
sha ɗaya, jajaye, makafi, tsirara,
curi guda cikin gashin da ta tsige daga ƙirjinta.

Na ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.
Har na sayar da su a zuci, na kashe kuɗin.

Ashe zomanya sau ɗaya take leƙa 'ya'yanta a yini.
Ta tsaya a kansu, ko kwanciya babu,
minti uku, minti huɗu, tsayuwar danfo a Oshodi:
wanda ya kama ya kama,
wanda ya makara sai gobe.
Kan nono takwas, baki sha ɗaya.
Ban yi nisa a boko ba, amma wannan lissafin na iya.

Kwana bakwai, na aro sikelin Iya Morufu,
wanda take awon tarugu da shi.
Ɗan Ɗorawa ya hau faranti, allura ta rusuna,
ciki kamar ya haɗiyi ƙwai, fata sumul.
Autan Toka ya hau, allura ta ƙi ko gaishe shi,
jiki ya yamutse kamar yatsan da ya daɗe a ruwa.

Na ƙara wa uwar dusa, ganyen kabeji, kan karas,
abin da nake kwasowa a Mil Sha Biyu in mun gama sauke mota.
Ta ci, nono ya ƙaru, bai isa ba.
Rijiya ta bayar, guga bai hana ba,
masu ja ne suka yi yawa.

Cindo ya ce, bakin da Allah ya tsaga
ba ya hana shi abinci.
Na ce gaskiya ne. To hannun nan da ya ba ni fa?

Da tsakar rana, Ɗorawa na gyangyaɗi,
na ɗebo huɗu, mafiya rama,
na murje su da gashinta don su ɗau warin gida,
na binne su a cikin nata.
Bakwai nan, bakwai can.

Daren nan ban yi barci ba.
Mu tara ne a ɗaki, fanka ɗaya, ita ma sai an kawo wuta.
Na tuna akushinmu a Gumel, hannu goma sha biyu,
da ranar da Gwaggo Ladi ta zo daga Ringim,
Inna ta ƙulle mini riga biyu a ɗankwali,
ba ta ɗago ta dube ni ba.
Shekara talatin ina riƙe da wannan
kamar tsakuwa a takalmi:
duk cikinmu, don me sai ni?

Da asuba na haska.
Uku daga cikin baƙin, ciki tantsan.
Na huɗun, autan, ya yi sanyi a kusurwa.
Na haƙa masa rami da cokali, gefen dogo.

Yau kwana goma sha biyu, idanu sun buɗe.
'Ya'yan Ɗorawa sun rage saurin girma,
na Toka sun fara cike fatarsu,
allura tana gaishe da kowa.

Na mai da wa Iya Morufu sikelinta,
na sayi katin ɗari biyu a shagon Sunday.
Inna ta ɗauka a ƙara ta huɗu.
Na tambaye ta ruwa, na tambaye ta ƙafa,
ta ce, ka ci abinci kuwa?
Jirgi ya zo wucewa.
Na jira.